Ajiya Maganin Wata Rana

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ni dai ban san zurfin wannan magana ba sai a daminar shekarar 2024, ranar da kwamfutar gidanmu ta mutu da muryar kakata a cikinta. Abin da ya same mu shi ya sa na ɗauki alƙalami domin in yi wa 'yan'uwana ɗalibai bayanin yadda ake ajiye kwafin abin da ke cikin kwamfuta, da yadda ake maido shi in ta ɓaci, ba tare da an sayi wata manhaja ba. Kayan aikin suna nan a cikin kwamfutar tun ranar da aka sayo ta, mu ne dai ba mu san da zamansu ba.

Kwamfuta ɗaya ce a gidanmu, irin ta kan tebur, kuma kowa yana da abin da ya ajiye a cikinta. Baba yana rubuta lissafin shagonsa na yadi da sunayen masu bashi. Yayata tana rubuta kundinta na kammala jami'a. Ni kuwa a dogon hutun 2023 na yi ta zama wajen Kaka da dare ina ɗaukar muryarta da waya, tana ba mu tatsuniyoyi da labarin yadda kakanninmu suka baro ƙauye. Sau goma sha huɗu na ɗauke ta. Da wayar ta cika, sai na juye su duka a kwamfuta, na share na wayar. Bayan 'yan watanni Allah ya yi wa Kaka rasuwa, Allah ya jiƙanta.

Kada ku ce sakaci na yi ƙwarai, domin a ganina na yi dabara. Wanda ya haɗa mana kwamfutar ya raba wurin ajiyarta gida biyu, ɗaya ana ce masa C, ɗaya kuma D, ya ce duk abin da ke da muhimmanci a sa shi a D, ko an sake zuba Windows ba zai taɓu ba. Sabo da haka na ajiye muryar Kaka a C, na kuma ajiye kwafinta a D, na saki jiki.

Wata rana da dare aka yi ruwa da iska, wuta ta ɗauke, sa'an nan ta dawo da ƙarfi alhali kwamfutar tana jone. Da gari ya waye na kunna ta, sai na ji wani sauti ƙas, ƙas, ƙas daga cikinta, allon kuwa baƙi ƙirin. Muka ɗauke ta ni da Baba muka kai wa mai gyara. Ya buɗe, ya gwada, ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, faifan ya mutu." Na yi farat na ce, "To, a ciro mana na D." Ya dube ni ya ce, "Yaro, ai C da D ɗakuna biyu ne a gida ɗaya. In gobara ta cinye gida, wane ɗaki za ka shiga?"

A nan ne na fahimci abin da ban sani ba. A cikin kwamfuta akwai faifan ajiya, wanda shi ne ke riƙe da kome, tun daga Windows ɗin kansa har hotunan biki. Tsohon samfurinsa faranti ne na gaske da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu da ke shawagi dab da shi yana karatu yana rubutu. Faɗuwa, ko zafi, ko tsufa, ko haukan wuta, kowanne yana iya kashe shi. Sabon samfuri, wanda ake kira SSD, ba shi da abin da ke juyawa, amma shi ma yana mutuwa, kuma sau da yawa ba ya ko yin gargaɗi. Raba faifai zuwa C da D kamar ja layi ne a tsakiyar faranti ɗaya.

Me muka tsira da shi? Yaya ta samo babi uku na kundinta a cikin wasiƙun imel da ta aika wa malaminta, sauran babi biyu sai da ta sake rubutawa tana kuka. Baba ya koma ga tsohon littafinsa na bashi, wanda ya tsaya tun watanni takwas baya, kuma ba duk masu bashi ne suka tuna da abin da ake bin su ba. Daga muryar Kaka guda goma sha huɗu, biyu kaɗai muka samu, su ma don na taɓa aika wa Goggo ta WhatsApp. Ku duba da kyau, duk abin da ya tsira, ya tsira ne domin akwai kwafinsa a wani wuri dabam.

Da aka koma makaranta na kai kukana wajen malaminmu na kwamfuta. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce ɓarnar da ke samun kwamfuta iri uku ce. Ta farko, fayil ɗaya ya ɓace, ko a share shi, ko a rubuta wani abu a kansa. Ta biyu, Windows ya rikice alhali faifan lafiyarsa lau. Ta uku, faifan ya mutu, ko a sace kwamfutar ɗungurungum. Ya ce kowace ɓarna da maganinta, kuma wanda ya sha maganin ciwon kai don ciwon ciki kada ya zargi boka. Abin da ya koya mini, da abin da na gwada da hannuna bayan an sa mana sabon faifai, shi zan jera muku. Sunayen kayan aikin zan rubuta su yadda suke fitowa a allo, domin ku gane su in kun gani.

Abu ɗaya ne kawai za a saya, watau faifan waje, wanda ake jonawa da igiyar USB. Ya kamata girmansa ya fi na abin da za a ajiye, in da hali ya ninka shi. Namu mai cin terabayit 1 ne, watau kimanin gigabayit 1,000.

Maganin ɓarna ta farko shi ne File History, ma'ana tarihin fayiloli, wanda ya fara fitowa da Windows 8 a shekarar 2012, kuma yana nan a Windows 10 da Windows 11. Ka jona faifan waje, ka danna Start, ka rubuta File History, ka buɗe shi, ka zaɓi faifan, ka danna Turn on. Shi ke nan. Daga nan, muddin faifan yana jone, kowace awa ɗaya zai duba abin da ya canja ya kwafe shi. Kana iya rage lokacin har zuwa minti goma, ko ka ƙara shi zuwa sau ɗaya a rana. Daɗin abin shi ne ba ya shafe tsohon kwafi in ya yi sabo. Wasiƙar da ka rubuta ran Litinin, ka gyara ran Laraba, ka ɓata ran Juma'a, duka ukun suna nan, kowace da kwanan watanta.

Amma akwai wurin tuntuɓe. File History yana kula ne da manyan foldojin mai kwamfuta, watau Documents, da Pictures, da Music, da Videos, da Desktop. Abin da ka ɓoye a wani lungu, kamar D ɗin nan namu, ba zai taɓa shi ba sai ka mayar da shi cikin ɗaya daga waɗannan, ko ka shigar da foldar cikin abin da Windows ke kira Library. Har wa yau, in mutum uku ne ke shiga kwamfuta kowa da sunansa, to kowa sai ya kunna nasa.

Maido da fayil kuwa ba wuya. A shafin nan dai na File History akwai rubutu a gefen hagu mai cewa Restore personal files. In ka danna, za ka ga foldojinka, da kibiya biyu a ƙasa, ta hagu tana kai ka baya, ta dama tana kawo ka gaba. Ka yi ta ja da baya har ranar da kake so, ka zaɓi fayil ɗin, ka danna koren maɓallin da ke tsakiya, sai ya koma mazauninsa. In sabuwar kwamfuta ce, ka jona faifan, ka nuna mata cewa akwai tsohuwar ajiya a kansa da kake son amfani da ita, sa'an nan ka bi wannan hanya.

Maganin ɓarna ta biyu shi ne System Restore, wanda ya girmi yawancinmu, domin tun shekarar 2000 yake cikin Windows. Aikinsa shi ne ya riƙa yin alama a kan yadda Windows yake a wata rana, domin in ka sa wata manhaja ta hargitsa kwamfutar, ka ce ta koma yadda take kafin nan. A kwamfutoci da yawa a kashe yake zuwa. Ka rubuta Create a restore point a wurin nema, ka zaɓi faifan C, ka danna Configure, ka kunna shi, sa'an nan ka danna Create ka yi alamar farko da hannunka. To, a nan mutane da yawa ke ruɗuwa, sai su ɗauka sun yi ajiya. Ku sani System Restore ba ruwansa da takardunku da hotunanku, ba ya share su, ba ya kuma maido su. Bugu da ƙari, alamominsa a kan faifan ciki suke zaune, in faifan ya mutu tare za su tafi.

Maganin ɓarna ta uku kashi biyu ne. Kashi na farko shi ne hoton faifai gaba ɗaya. A cikin Control Panel akwai wani wuri mai suna Backup and Restore, da sunan Windows 7 a maƙale a gefensa, domin gado ne daga wancan Windows na shekarar 2009. A gefen hagu za ka ga Create a system image. Wannan yana kwafe kome da kome, Windows da manhajoji da fayiloli, ya dunƙule su a faifan waje. Yakan ɗauki lokaci, sabo da haka kada a fara shi sai an tabbatar wuta za ta zauna. Gaskiya ne kamfanin Microsoft ya sanar tun 2017 cewa ya daina inganta wannan kayan aiki, amma yana nan a Windows 10 da 11, kuma mu ya yi mana aiki. Duk da haka shawarar Malam ita ce kada a dogara da shi shi kaɗai, a haɗa shi da File History.

Kashi na biyu shi ne mabuɗin shiga, domin kwamfutar da aka sa wa sabon faifai ba ta da Windows ɗin da za ta tashi da shi, balle ta karanta ajiyarka. Ka nemi filashi mai cin aƙalla gigabayit 16, in ka sami mai 32 ya fi, ka rubuta Recovery Drive a wurin nema, ka bi umarni. A kula, duk abin da ke kan filashin zai goge, kuma ba ya ɗaukar fayilolinka, kayan gyara kawai yake ɗauka. Ka liƙa masa takarda ka rubuta sunansa, ka adana shi inda ƙannenka ba za su ɗauka su zuba waƙoƙi ba. Ranar da ta ɓaci, sai a sa sabon faifai, a tayar da kwamfutar daga filashin, a shiga Troubleshoot, a nemi System Image Recovery, a jona faifan waje. Kwamfutar za ta koma daidai yadda take ranar da aka ɗauki hoton. Abin da aka rubuta bayan wannan rana kuwa sai a maido shi daga File History.

Akwai ɗan ƙaramin abu da zan ƙara a nan. Sababbin kwamfutoci da yawa suna kulle faifansu da wani tsari mai suna BitLocker, domin ɓarawo ya kasa karanta abin da ke ciki. Makullinsa lambobi 48 ne, kuma yawanci ana ajiye shi a asusun Microsoft na mai kwamfutar. Ka nemo shi tun kana lafiya, ka kwafe a takarda, ka ba mahaifinka ya sa cikin takardun gida. Wata rana bayan gyara kwamfutar tana iya tambayarka shi, in ba ka da shi kuwa, kayanka na ciki amma ƙofa a rufe.

Waɗanda ke da kwamfutar Apple su ma ba a bar su a baya ba. Nasu ana ce masa Time Machine, ya fito a shekarar 2007. Yana ajiye kwafin kowace awa na sa'o'i 24 da suka wuce, da na kowace rana na wata guda, da na kowane mako na watannin baya, in faifan ya cika sai ya fara share mafi tsufa.

Wani zai ce, to ina amfanin faifan waje alhali ga OneDrive, wanda ke ajiye kaya a intanet? Lalle yana da amfani, kuma shi ma yana zuwa tare da Windows, da gigabayit 5 kyauta. Amma gigabayit 5 ba za su ɗauki hotunan biki biyu ba, ga kuma kuɗin data. Sa'an nan shi kamar madubi yake, in ka share abu a kwamfuta, can ma zai share, sai dai ya zauna a kwandon shara na kwana 30 kafin ya tafi. Mu abin da muke sa wa a ciki shi ne ƙananan abubuwa masu tsada, lissafin Baba, da takardun makaranta, da muryar Kaka guda biyun nan.

Malam ya ba ni wata ƙa'ida da masana wannan fanni ke kira uku, biyu, ɗaya. Kwafi uku na duk abin da ba ka son rasawa, a kan abin ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki kuma ba a gidanku ba. Dalili a fili yake. Ɓarawon da ya ɗauki kwamfuta ba zai bar faifan da ke gefenta ba, haka ruwa, haka wuta. Akwai kuma muguwar manhaja mai garkuwa da fayiloli, wadda ke kulle su ta nemi kuɗin fansa, irin WannaCry da ta bazu a ƙasashe kimanin 150 a watan Mayu na 2017, har ta tsayar da aiki a asibitoci da dama a Ingila. Irin wannan cuta takan bi har faifan da ta tarar a jone. Sabo da haka in an gama ajiya a cire faifan a adana. File History zai jira, in an sake jonawa ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Abu na ƙarshe, kuma shi aka fi mantawa, shi ne gwaji. Sai an gwada akan san na ƙwarai. A shekarar 1998, a kamfanin Pixar na Amurka, ana tsakiyar aikin fim ɗin Toy Story 2, wani umarni da aka ba kwamfuta bisa kuskure ya share mafi yawan aikin. Suka ce ba kome, ai muna da ajiya. Da suka duba sai suka tarar ajiyar ta daɗe ba ta aiki daidai, ba wanda ya lura. Abin da ya cece su shi ne wata ma'aikaciyarsu mai jego, wadda ke aiki daga gida, tana da kwafi a kwamfutarta. In haka ta sami ƙwararru, ina ga ni da ku? Don haka kowane wata nakan zaɓi fayil ɗaya in maido shi daga faifan waje, in buɗe, in tabbatar yana karantuwa.

Yanzu ga tsarin gidanmu. Kowace Juma'a bayan sallar La'asar nakan jona faifan waje, in shiga File History in danna Run now, in jira ya gama, in cire, in mayar da shi cikin durowar Baba. Kowane ƙarshen zangon karatu nakan ɗauki sabon hoton faifai. Akwai kuma filashi ɗaya a gidan Goggo mai ɗauke da hotunan iyali da takardun gida. Duka aikin mako bai fi minti goma ba.

Ranar da tsarin ya biya kuɗinsa ta zo a watan azumin 2025. Ƙanena yana wasa da kwamfuta ya share foldar lissafin Baba, ya kuma zubar da kwandon shara don kada a gane. Baba ya kira ni fuskarsa a murtuke, ya ce, "Kai, ina lissafina?" Na ce, "Baba, a ba ni minti biyar." Na ɗauko faifan, na ja kibiya baya zuwa Juma'ar da ta wuce, na danna koren maɓalli, sai ga folda ta dawo. Cinikin kwana uku kawai ya sake shigarwa daga rasiɗai. Bai ce kome ba, amma da Sallah ni aka fara yanka wa yadi.

Duk da haka, in na tuna tatsuniyoyi goma sha biyun da suka tafi, sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Akwai wadda Kaka ta yi waƙa a tsakiyarta, na tambayi Goggo da Baba, ba wanda ya riƙe ta duka. Da na sani ƙeya ce. Sabo da haka ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, in ya koma gida hutu, ya tambayi kansa tambaya ɗaya: mene ne a cikin kwamfutarmu ko wayata wanda in ya ɓace ba kasuwar da zan sayo shi? In ya sami amsa, to ya yi kwafinsa a wani wuri dabam tun a daren, kada ya jira gobe. Allah ya kiyashe mu da asara, ya jiƙan magabatanmu, amin.